Kwana huɗu a gabashin Jawa: direban ya fi kamfanin da ya turo shi

Ɗiyata ce ta nemo kamfanin. Shekara biyu ta yi a Surabaya tana karatun digiri na biyu, da bikin yaye su ya zo a watan Agusta sai na shirya na je. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa Uwata nake kiranta. Da aka gama biki, ga kwana shida a hannu kafin ranar jirginmu, sai ta ce, "Baba, bai kamata ka zo Indonesiya ka koma ba ka ga duwatsunsu masu aman wuta ba." Ni kuwa sanin da na yi wa mutanen Jawa bai wuce haɗuwar da muke yi da su a Makka da Madina ba, suna tafe a layi, da ladabi, ba hayaniya. Na ce to, a nemo wanda zai kai mu.

Ta WhatsApp aka yi ciniki. Kwana huɗu da dare uku: mota da direba daga Surabaya, jif a dutsen Bromo, jagora da takunkumin hayaƙi a dutsen Ijen, gandun dajin Baluran, ƙauye ɗaya kusa da Banyuwangi, masauki da karin kumallo, da kuɗin shiga kowane wuri. Rupiya miliyan 9 mu biyu, muka ba da miliyan 3 kafin alƙalami. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irinsu sun yi yawa a Surabaya da Malang da Probolinggo, hanya ɗaya suke bi, hotuna iri ɗaya suke turo maka, don haka abin da zan faɗa zai yi wa mai niyyar zuwa amfani ko da wa ya ɗauka. Kuɗina dai bai tafi a banza ba, amma direba ne ya cece shi.

Dattijo ne ɗan Probolinggo, zai yi shekara 55, da Toyota mai kujera bakwai, tsaf-tsaf, ba warin taba ko kaɗan, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da maza da yawa ba sa rabuwa da sigarinsu mai kanumfari. Da ya ga hulata sai ya shiga ce mini Pak Haji, haka suke kiran wanda ya sauke farali. Uwata ta ce ni ma in riƙa ce masa Pak, kamar dai a ce Malam. Turancinsa kaɗan ne, ita ce tafintarmu. A kwana huɗun nan ban taɓa tuna masa lokacin salla ba. Da lokaci ya yi sai ka ji ya sa sigina ya shiga gidan mai, kusan kowane gidan mai a hanyar kuwa yana da ɗan masallaci da famfon alwala.

Daga Probolinggo hanya ta bar bakin teku ta kama hawa. Cikin awa ɗaya da rabi muka fita daga zafi mai jiƙa riga muka shiga sanyi har da rufe gilashi. Abin da ya fara ɗauke mini hankali gonaki ne. An yi su a jikin tudu, wasu a tsaye kamar bango, kunya bisa kunya na dankalin turawa da kabeji da albasa mai lawashi, har ka rasa yadda mai noma yake tsayawa bai gangaro ba. Wannan ƙasar mutanen Tengger ce, yawancinsu mabiya addinin Hindu, kowa ka gani, namiji ko mace, ya yafa zane a kafaɗa saboda sanyi. Muka isa Cemoro Lawang, ƙauyen ƙarshe a bakin kwarin da dutsen Bromo yake ciki, ana gab da magariba.

A nan kamfanin ya fara ba ni kunya. An rubuta mana ɗaki mai ruwan zafi, muka tarar da na'urar ta mutu, kuma daga tsatsar da ke jikinta ba jiya ta mutu ba. Ƙauyen yana sama da mita 2,200, dare na yi sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10, bargo kuma ɗaya ne siriri a kowane gado. Uwata ta kira ofishinsu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Pak bai ce komai ba, ya fita. Bayan minti ashirin sai ga shi da flas biyu na ruwan zafi da barguna uku da ya aro a maƙwabta. Sannan ya kai mu rumfar wani Musulmi a ƙasan layi, muka ci soyayyiyar shinkafa da ƙwai, da romo mai curin nama da suke kira bakso.

Ƙarfe uku na dare jif ta zo. Tsofaffin Land Cruiser ne na mutanen yankin, su ne ke shiga da baƙi, motarmu a ƙauye ta tsaya. Muka gangara cikin duhu, muka ratsa rairayi, muka sake hawa zuwa Penanjakan, tudun da ake tsayawa kallon fitowar rana, mita 2,770. Motoci sun yi layi iya ganinka a gefen hanya, dole muka sauka muka ƙarasa da ƙafa. Akwai masu ba da hayar rigar sanyi, na karɓi ɗaya na ɗora a kan tawa. Akwai masallaci a saman, kuma ya cika. Ruwan alwalarsa kamar an narkar da ƙanƙara, sai da yatsuna suka sandare, amma na ji daɗin samun jam'in asuba a wuri irin wannan.

Da gari ya fara wayewa sai hazo ya bayyana a ƙarƙashinmu, ya cika kwarin fal, kamar kindirmo a ƙwarya. Kawunan duwatsu ne kawai suka huda shi. A gaba ga Batok, jikinsa duk tsagi-tsagi daga sama har ƙasa. A gefensa ga Bromo, kansa a gutsure, farin hayaƙi na fita daga bakinsa ba tsayawa. Can baya kuma Semeru, mafi tsawo a duk Jawa, mita 3,676, lokaci-lokaci yana tofo dunƙulen toka ta tashi a hankali ta baje. Rana na taɓa su launinsu ya riƙa sauyawa daga toka-toka zuwa ja zuwa ruwan zuma. Mutane ɗaruruwa a wurin, kowa da waya a sama, ni dai tasbihi na yi ta yi. Kwarin nan gaba ɗayansa, mai faɗin kusan kilomita 10, bakin wani tsohon dutse ne da ya rufta, waɗannan kuwa daga baya suka tsiro a cikinsa. Tun 1982 gwamnati ta keɓe yankin a matsayin gandun ƙasa.

Da muka sauko cikin rairayin, wanda suke kira tekun yashi, direban jif ya nuna agogo ya ce minti 50 gare mu. Minti 50 fa, a yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya cikin yashi, a hau matakala kusan 250, a duba, a dawo. Masu dawaki sun kewaye mu, muka ce a'a, muka taka. Na hau ina hutawa, Uwata na riƙe da gwiwar hannuna. Tun kafin ka kai sama kake jin ƙarar, kamar jirgin sama ya tayar da inji yana shirin tashi amma ya ƙi tashi, har cikin ƙirjinka kake jin rugugin. Ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Bakin ramin siriri ne, shingen siminti bai wuce ƙugu ba, kuma in ka ɗan matsa gaba ya ƙare, sai kai da Allah. A 2004 dutsen nan ya yi aman duwatsu ya kashe baƙi biyu. Babu wanda kamfanin ya haɗa mu da shi ya ce mana ku tsaya nan, kada ku wuce can. Na ga matasa suna tafiya da baya a kan bakin don a ɗauke su hoto, gabana ya yi ta faɗuwa. Ba mu fi minti bakwai a saman ba, aka fara yi mana hon daga ƙasa.

A gindin dutsen, tsakiyar yashi, akwai wurin ibadar mutanen Tengger, Pura Luhur Poten. Mun wuce shi da sauri, sai a mota Pak ya ba mu labarinsa. Kowace shekara, ranar 14 ga watansu na Kasada, sukan hau da dare su jefa amfanin gona da kaji da awaki da kuɗi cikin ramin. A tarihinsu na baka, kakanninsu Roro Anteng da Joko Seger sun daɗe ba haihuwa, suka yi alkawarin in sun samu za su ba dutsen ɗan autansu, aka ba su 'ya'ya 25. Daga ƙarshen sunayen biyu aka ce an samo kalmar Tengger. Ya ce a ranar talakawa kan sauka cikin gangaren ramin da raga a hannu suna cafe abin da ake jefawa. Ba addinina ba ne, amma wanda ya zo ƙasar mutane ya hau dutsen da suke girmamawa ya kamata a gaya masa inda yake taka ƙafa, kamfanin kuwa ko layi ɗaya bai rubuta a kai ba.

Takardarsu ta ce ƙarfe tara mu kama hanya. Pak ya ce mu ba shi awa ɗaya. Ya bi da mu ta bayan gidaje zuwa gonar wata mata da ya sani tun yana yaron mota. Muka same ta tana tonon dankali a gangare, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, fartanya a hannu, buhuna uku a jingine da turke don kada su mirgina. Ta ɗebo ƙasar ta zuba mini a tafin hannu: baƙa wuluk, mai laushi kamar gari, ba tsakuwa ko ɗaya. Ta ce aman da dutsen ya yi daga ƙarshen 2010 zuwa cikin 2011 ya binne mata gona, toka ta karya rufin gidaje, shekarar ba su ci komai daga ƙasa ba. Amma bayan nan gonar ta yi albarkar da ba ta taɓa yi ba. Daga nan ta ja mu gida. Su a madafa suke saukar baƙo, gaban murhu, don can ne ɗumi yake. Muka zauna a kan 'yan kujeru, ta ba mu gahawa mai zaƙi da dafaffen dankali da gishiri, hannayenta duk sun tsattsage da sanyi. Da za mu tafi na miƙa mata kuɗi ta ƙi, sai da Pak ya ce na dankalin da za mu tafi da shi ne.

Hanyar Banyuwangi awa bakwai ce ta gefen teku, ta Situbondo, manyan motoci bumbutu, ba abin da zan ce a kanta sai babbar tashar wutar Paiton da muka wuce. Mun isa bayan isha, jikina duk ya mutu. A tsarin kamfanin, ƙarfe goma sha biyu na wannan daren za a tashe mu zuwa Ijen. Wato dare biyu a jere ba barci, da tafiyar yini a tsakani, sannan a sa mutum hawan dutse mai hayaƙin guba. Kuma sai a lokacin muka ji cewa tun farkon 2024 ba a barin kowa ya hau Ijen sai da takardar shaidar lafiya daga likita. Ba wanda ya faɗa mana. Pak ya kai mu wani ƙaramin asibiti da ke buɗe, aka gwada mu, jinina ya hau fiye da yadda na saba gani. Ma'aikaciyar ta ce in zauna in huta a sake gwadawa.

A nan Pak ya dubi Uwata ya yi magana mai tsawo, ta juyo ta ce, "Baba, ya ce shi ba zai kai ka dutsen nan yau ba. Ya ce a juya tsarin, gobe a yi gandun daji da ƙauye, ka yi barci, cikin daren goben a hau." Aka kira ofis, wannan karon suka ɗauka. Suka ce jagora an riga an biya shi na yau, sai mun ƙara rupiya dubu 400. Uwata ta yi ta fama da su da yarensu, ta tuna musu ruwan zafi da takardar likita, suka tsaya a kan bakansu. Na ce a biya. Daga baya na gane cewa shi Pak wannan canjin ya jawo masa komawa gida a makare, washegari kuma yana da wasu baƙin, amma bai nemi ko sisi a kai ba. Duk wanda ya haura arba'in, ko yake tafe da yara, ya sa wannan daren hutu a cikin ciniki tun farko. Sauri ya haifi nawa, su kuwa kamfanonin so suke su juya mota da wuri.

Baluran awa ɗaya ce arewa da Banyuwangi, hekta kusan 25,000, yana cikin gandayen ƙasa biyar na farko da Indonesiya ta kafa a 1980. Daga ƙofa ka bi kilomita 12, ka ratsa wani yanki mai duhuwa, sai kawai daji ya buɗe ka fito fili fetal, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, tsohon dutsen Baluran da ya daɗe da mutuwa yana tsaye a baya. Filin Bekol ke nan, su suna yi masa kirari da Afirkar Jawa. Mun ga garken barewarsu mai rassan ƙaho, mun ga ɓauna kwance cikin taɓo, dawisu kore ya ratsa gaban mota yana jan wutsiya. Saniyar dajin da gandun ya yi suna da ita, banteng, mai fararen ƙafafu kamar ta sa safa, a cikin shingen kiwo kawai muka gan ta.

Ina tsaye ina kallo sai idona ya faɗa kan wata bishiya. Na matsa, na duba ƙayar, na tsinki ɗan kwanson da ke rataye mai gaɓa-gaɓa kamar carbi. Na ce, "Uwata, wannan ai bagaruwa ce." Wani ma'aikacin gandun da ke kusa ya ga ina jujjuya ta, ya zo. Ashe a ƙarshen shekarun 1960 aka kawo ta aka dasa don ta tare gobarar daji. Ƙasar ta karɓe ta fiye da kima. Dabbobi suka riƙa cin kwanson suna yaɗa irin a cikin kashinsu, ta mamaye dubban hekta, inuwarta ta kashe ciyawar da banteng ke ci. Yanzu shekara da shekaru suna sara suna tumɓuke kututture suna ƙonawa, tana sake tohowa. Na gaya masa a wurinmu majema nemanta suke yi don jimar fata, ana kuma magani da ita. Ya riƙe baki, ya sa Uwata ta maimaita masa, har ya rubuta sunan a wayarsa. Mun fi rabin awa a gindin bishiyar nan. Bakin tekun Bama da ke gaba kuwa birai sun hana sakat, ɗaya ya fizge ledar da ke hannun wata yarinya a gabanmu, ba mu daɗe ba muka juyo.

Ƙauyen Kemiren minti talatin aka ware masa a takarda, mu awa uku muka yi. Mutanen Osing ne, jikokin daular Blambangan, daular Hindu ta ƙarshe a Jawa, yau kuwa yawancinsu Musulmi ne. A wani gida aka soya mana gahawa a kaskon ƙasa bisa itace, aka daka, aka dafa a gabanmu. Aka kawo gasasshiyar kazar gida da aka yayyaga aka cuɗa da kankararriyar kwakwa da yaji, pecel pitik suke ce mata, ita ce abinci mafi daɗi da na ci a tafiyar. Na lura katifunsu duk ja da baƙi ne, aka ce uwa ce ke ba ɗiyarta ranar aure, kuma in watan babbar salla ya kama, gari gaba ɗaya ke fito da su a shanya a ƙofar gida rana guda. Muna zaune sai na ji wani sauti da ya sa na miƙe. Tsofaffin mata ne su biyar a kan wani dogon turmi kamar kwale-kwale, kowace da taɓarya, suna lugude. Lugude sosai, wannan ta saki wannan ta karɓa. Rabon da in ji shi tun mahaifiyata na da rai. Uwata ta karɓi taɓarya ta shiga cikinsu, ni kuwa na koma gefe don idona ya cika.

Na yi barcin awa biyar kafin a tashe mu. Ƙarfe biyu na dare aka buɗe ƙofa a Paltuding, inda ake fara hawan Ijen, aka duba takardun likita. Jagoranmu saurayi ne ɗan ƙauyen gindin dutsen, mahaifinsa ya yi shekaru yana haƙar farar wuta. Hawan kilomita 3 ne, ana ɗagawa kusan mita 500, kilomita biyun farko su ne masu cin rai. Bai taɓa gaggauta ni ba, in na tsaya sai ya kashe tocila ya tsaya. Da muka kai bakin ramin ya fito da takunkuman da kamfanin ya ba shi, ya haska su, ya girgiza kai. Matatar nawa ta yi baƙi, igiyar na Uwata ta tsinke an ɗaure da roba. Wannan shi ne laifin da ban yafe wa kamfanin ba, don ruwan wanka daban, numfashi daban. Yaron ya ciro nasa ya ba Uwata, ya je ya yi mini hayar sabo a wurin wani, shi ya sa mai tsinkakkiyar igiyar.

Gangarawa cikin ramin minti 45 ce a kan duwatsu, hanya ta mutum ɗaya, cikin duhu. A ƙasa muka ga abin da ake ta tallatawa, shuɗiyar wuta. Iskar farar wuta ce ke fitowa daga tsagar dutse da zafin da kan kai digiri 600, tana haɗuwa da iskar waje ta kama, sai da duhu ake ganinta. Tana malala a jikin dutsen kamar ruwa, shuɗi irin na murhun gas. A daren ba ta kai girman ta hoto ba, amma gani ya kori ji. Ba mu yi minti biyar ba iska ta juyo. Hayaƙi fari mai kauri ya rufe mu ruf, ko tocilar da ke hannuna ban gani ba. Ido kamar an watsa barkono, maƙogwaro na ƙuna duk da takunkumi. Na ji hannun jagoran a kafaɗata ya danna ni ƙasa, muka tsuguna muka ba hayaƙin baya, ido a rufe, ina jin mutane na tari ta ko'ina, ina kiran sunan Allah, ina laluben hannun ɗiyata. Bai fi minti biyu ba ya wuce. Mai asma ko ciwon zuciya kada ya sauka ramin nan ko an ba shi takarda, ya tsaya a baki ya jira gari ya waye.

A cikin wannan hayaƙin mutane ke aiki. An jera bututu daga bakin tsagar, iskar na bi ta ciki ta huce ta zama ruwa ja kamar manja, ya ɗiga ƙasa ya daskare ya koma rawaya. Na tsaya kusa da wani mutum, ba zai gaza shekarata ba, takalmin roba a ƙafa, jiƙaƙƙen tsumma a baki ya cije da haƙora. Da ƙarfe yake sarar dunƙulen yana ɓamɓarowa, ya jera a kwando biyu da aka haɗa da sandar gora. Ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin sandar, ya ja numfashi, ya miƙe, gorar ta lanƙwashe tana ƙara. Kilo 70 zuwa 90 suke ɗauka. Wuyan rigarsa ya zame na ga kafaɗar, ta yi kanta, tudu biyu baƙaƙe kamar tozo. Hanyar da muka sauko da hannu da ƙafa, ita zai hau da wannan kaya. Jagoran ya ce rupiya dubu ɗaya da 'yan kai ake sayen kilo. Na yi lissafi a raina, kayan nan duka kusan kuɗin tikitina ne na ƙofa. Farar wutar kuwa masana'antu ake kai wa, har da masu farfara sukari.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne baƙi. Mutum na tafe da kilo 80 a wuya, wani ya tsaya masa a hanya yana haska masa fuska don hoto. Jagoranmu da ya ji ƙarar gora sai ya manna mu jikin dutse ya ce a ba da hanya. Wannan tarbiyyarsa ce ta gida, ba kamfani ne ya koya masa ba, kuma da kamfanonin za su faɗa wa kowane baƙo wannan kalma ɗaya kafin a sauka da sun kyauta.

Mun fito baki da sauran lokacin asuba, yaron ya zuba mini ruwan gorarsa na yi alwala, muka yi salla a kan tsakuwa. Sai haske ya buɗe tafkin. Faɗinsa kusan kilomita ɗaya, launinsa tsakanin kore da shuɗi, lumui, kamar ka sauka ka sha. Guba ne. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsananin tsami, bai kai 0.5 ba, kusa da ruwan batir, kuma babu tafki mai irin wannan tsami da ya kai shi girma a duniya. Wani rafi na ɓulla daga gare shi, sunansa Banyupahit, wato ruwa mai ɗaci, yana gangarawa har gonakin mutane a wajen Situbondo.

A saukowa gwiwoyina suka ƙi. Akwai masu baro mai taya biyu da aka shimfiɗa wa katifa, mutum uku ke hawa da baƙo, ɗaya ke saukowa da shi. Da dare na ƙi hawa baron, don raina bai ba ni in kwanta wani ɗan Adam na ja na ba. Jagoran ya ce, "Pak Haji, yawancinsu daga ramin suka fito, wannan ya fi musu sauƙi, ya fi kuɗi, kuma babu hayaƙi." Na hau a kan rupiya dubu 300. Wanda ya sauko da ni yana riƙe da birki irin na babur, yana tafe yana ba Uwata labarin ɗansa da ke makarantar koyon aikin jinya.

Yarjejeniyar a Banyuwangi take ƙarewa, yawancin baƙi daga nan suke shiga jirgin fito a Ketapang su tsallaka Bali. Mu tashar jirgin ƙasa Pak ya kai mu. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce in na sake zuwa Makka in sa shi a addu'a, shekara tara ke nan yana layin kujerar hajji. A cikin jirgi Uwata ta rubuta wa kamfanin duk abin da ya faru. Suka ba da haƙuri, suka ce za su sauya takunkuman, dubu 400 ɗin dai ba su dawo ba. Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa sunan masauki, ya tambayi takardar likita, ya ce a nuna masa takunkumi tun da rana, ya kuma sani ana rufe Ijen Juma'ar farko ta kowane wata don shara. Lokacin rani ya fi, daga Mayu zuwa Oktoba. Ya tafi da tsofaffin kaya, don rigar da na sa wanki uku aka yi mata warin bai fita ba. Mai zoben azurfa kuma ya cire tun a mota. Nawa na mance da shi a yatsa, muna zaune a jirgi Uwata ta kama hannuna ta ce, "Baba, dubi zobenka." Ya yi baƙi ƙirin, har yau ban kai an wanke shi ba.